YADDA AKE ZAƁEN TAYAR BABUR GA MAI BIN KASUWANNIN SHANU

A wannan fitowa mun ga ya kyautu mu ɗan ajiye zancen farashi da kuɗin fito, mu yi magana kan wani abu da mutane ke rainawa alhali kuwa rai da dukiya duk a kansa suke tafiya, wato tayar babur, ko moto kamar yadda muka fi cewa a wannan gefe na iyaka.

Kowa ya sani yau babur shi ne dokin falke. Da shi ake shiga ruga a ga dabba tun ba ta fito kara ba, da shi ake kai wa 'yan kora guzuri da magani a burtali, da shi ake sammako domin a riski Maigatari ran Alhamis, ko Mai'aduwa da Illela ran Lahadi. To duk wannan zirga-zirga, abin da ke taɓa ƙasa a jikin babur bai wuce faɗin tafin hannu ba a gaba da baya. Idan taya ta fashe tsakiyar daji, mutum da kuɗin jama'a a jikinsa, rana tana faɗuwa, ga halin da hanyoyinmu ke ciki, ai ba sai an ce kome ba. Ƙaramar asara ita ce kasuwa ta watse kafin ka iso.

Wani abin sha'awa, mutumin da tayar iska ta yaɗu ta hannunsa likitan dabbobi ne, John Boyd Dunlop, wanda ya yi wa keken ɗansa ita a birnin Belfast, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1888. Ke nan abin bai yi nisa da sana'armu ba. Kuma yadda ba ma sayen sa sai mun buɗe bakinsa mun ga haƙora, mun duba kofato, mun sa an zagaya da shi, haka ita ma taya take. Duk bayaninta yana rubuce a gefenta: girmanta, nauyin da za ta ɗauka, da ranar da aka yi ta. Wanda ya iya karanta wannan rubutu ba a yi masa sakiyar da ba ruwa.

LAMBAR GIRMA

Rubutu mafi girma a gefen taya shi ne lambar girmanta, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne tsohon lissafi na inci, kamar 2.75-17 ko 3.00-18. Lambar farko faɗin tayar ce, ta biyun kuwa girman rim ɗin da za ta hau. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka taya 2.75 faɗinta kusan milimita 70, ita kuwa 3.00 kusan 76.

Na biyun shi ne lissafin milimita, kamar 90/90-17 ko 100/90-17. A nan lambar farko faɗi ce a milimita. Ta tsakiya tana nuna tsayin gefen tayar, wato kashi nawa ne cikin ɗari na faɗinta. Taya 100/90 faɗinta milimita 100, tsayin gefenta 90. Lambar ƙarshe dai rim ce, a inci, kamar ta farko.

Wannan lamba ta ƙarshe ba a ciniki a kanta. Tayar 18 ba ta zama a rim 17, ta 17 kuma ba ta shiga rim 18, wanda ya tilasta ta da ƙarfe zai tsinka wayar da ke cikin bakinta. Baburan da muka fi hawa sun rabu a nan. Bajaj Boxer mai inji 100 yana zuwa da 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Da yawa daga cikin masu ƙirar CG rim 18 gare su. Ƙananan nan da ake kira roba-roba suna ɗaukar siraran tayoyi irin su 2.50-17. Baburan daji kuwa irin Yamaha DT, gabansu 21 ne, bayansu 18, domin babban wili a gaba ya fi haye rami da kututture. Saboda haka idan za ka aiki yaro sayen taya, kada ka ce masa kawai ta babur kaza. Rubuta masa lambar a takarda, ta gaba daban, ta baya daban.

FAƊIN RIM DA KWAƊAYIN BABBAR TAYA

Akwai masu ganin idan taya ta fi faɗi babur ya fi ƙarfi, sai su je su ɗora wadda ta zarce ƙa'ida. Abin da ya kamata a sani shi ne rim ma yana da nasa faɗin, kuma an buga shi a jikinsa, kamar 1.60x17 ko 1.85x18. Taya 2.75 tana zama daidai a rim 1.60 ko 1.85. Taya 3.00 ta fi son 1.85, tana kuma yarda da 1.60 ko 2.15. Amma 100/90 sai rim 2.15 zuwa sama.

Idan aka matse faffaɗar taya a siririn rim, sai bayanta ya tattaru ya yi tudu, tsakiyarta kaɗai ke cin ƙasa, ta cinye da wuri, babur kuma ya riƙa rawa a kwana. Bayan haka tana iya gogar gidan sarƙa ko ƙarfen da ya riƙe wilin baya, musamman idan an yi lodi babur ya zauna. Da damina kuwa laka ta cika ɗan filin da ya rage tsakanin taya da murfinta, wili ya ƙi juyawa, sai an sauka ana ƙwaƙulewa da sanda. Kuma taya mai tsayi a baya tana rage wa ƙaramin inji ƙarfin ja, ga ƙarin shan mai.

Gaskiya ne a cikin rairayi taya mai ɗan faɗi ta fi tafiya a sama ba ta nutsewa. Wanda yawancin tafiyarsa cikin yashi take yana iya ƙara mataki ɗaya a baya, in dai rim ya yarda, kuma an duba an ga akwai fili ta kowane gefe bayan mutum biyu sun hau. Fiye da mataki ɗaya kuwa, wahala ce mutum ya saya da kuɗinsa.

NAUYIN DA TAYA ZA TA ƊAUKA

Wannan shi ne wurin da ya fi shafarmu, domin baburanmu ba su san tafiya wayam ba. Bayan lambar girma za ka ga wata lamba haɗe da harafi, kamar 45P ko 50P. Lambar tana nuna iyakar nauyin da tayar za ta ɗauka, ga kuma fassarar waɗanda muka fi haɗuwa da su:

41 tana ɗaukar kilo 145
45 tana ɗaukar kilo 165
47 tana ɗaukar kilo 175
50 tana ɗaukar kilo 190
52 tana ɗaukar kilo 200
55 tana ɗaukar kilo 218

Harafin kuwa iyakar gudu ne. J kilomita 100 a awa, L 120, P 150. Wannan bai cika damunmu ba, tunda baburanmu ba su kai can.

Sa'an nan akwai 4PR, 6PR ko 8PR, abin da masu shago ke kira fulai huɗu, fulai shida. A da can adadin shimfiɗun zaren da ke cikin taya ke nan. Yanzu kuwa ma'aunin ƙarfi ne kawai, ba lalle idan ka yanka ta ka ƙirga shida ba. Taya 3.00-17 mai fulai huɗu yawanci 45 ce, mai fulai shida kuwa 50. Girmansu ɗaya, amma kilo 25 ne tsakaninsu.

Bari mu yi lissafi. A ce babur da mansa kilo 110, mai tuƙi 70, abokin tafiya 65, ga rago a kariya mai kilo 40. Jimla kilo 285. Da irin wannan zama wajen kashi biyu cikin uku na nauyin a baya yake sauka, wato kilo 190. Ka ga mai fulai huɗu an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta tun ba a bar gida ba, mai shida kuwa ta kai maƙura. In an musanya ragon da buhun dusa ko na gishiri mai kilo 50, har ita ma an wuce iyakarta. Taya idan aka yi mata lodin da ya wuce kima gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, sai ta ɗauki zafi daga ciki, zaren ya rabu da roba, wata rana ta yi bindiga ba tare da ta taka kome ba.

Saboda haka shawararmu, falke kada ya sa wa bayan baburinsa abin da bai kai fulai shida ba. Amma a lura da abu biyu. Nauyin da aka rubuta sai da cikakkiyar iska taya ke ɗaukarsa. Kuma taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa birki da ƙashin babur ƙarfi, shi ma babur yana da tasa iyaka a cikin littafinsa. Ɗan maraƙi da mutum biyu, wannan aikin mota ne ko amalanke.

HAƘORAN TAYA DA IRIN HANYA

Yadda ba a kai Kuri cikin duwatsu, ba a kuma sa Gudali doguwar tafiyar da Rahaji ke yi, haka kowane zanen taya da ƙasar da aka yi shi dominta. Iri uku ne a kasuwa.

Akwai ta kwalta, mai siraran layuka kusa da juna. Tana daɗewa, ba ta ƙara, ba ta shan mai, ta kuma fi kama birki a titi. Wanda tafiyarsa daga Ƙonni zuwa Maraɗi zuwa Damagaram ce bisa babbar hanya, ita ce tasa. Amma da ta shiga laka sai layukan su toshe ta zama kamar sabulu.

Akwai ta daji, mai manyan haƙora a warwatse. Ita ce ke haƙa ta kama a rairayin Damargu da na wajen Gure, da baƙar lakar nan mai danƙo ta ƙasar Tafkin Chadi da bakin Logon, da jar ƙasar Adamawa mai santsi idan ruwa ya sauka. Filin da ke tsakanin haƙoran shi ke ba laka hanyar fita. Aibinta shi ne a kwalta tana cinyewa da sauri, tana kuka, kuma ba ta riƙe titi idan ya jiƙe.

Ta uku ita ce mai raba ƙafa, haƙoranta faffaɗa ne gajeru, kusa da juna a tsakiya, a buɗe ta gefe. Ga mafi yawanmu da kan yi rabin tafiya a kwalta sa'an nan mu saki titi mu nufi ƙauye, wannan ta fi dacewa. Ita ce kuma ta fi jure tsakuwa da gargada, da duwatsun Adar masu yanka roba, domin dogayen haƙora a kan dutse ɓallewa suke yi.

Tayar gaba da ta baya aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta baya ke tura babur, ta gaba ke bi da shi, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan birki. Shi ya sa wasu ake rubuta musu F ko FRONT domin gaba, wasu REAR domin baya, tare da ɗan kibiya mai nuna inda za ta riƙa juyawa. A tsaya a kan mai faci ya bi kibiyar nan. Kuma kada a ce ta gaba ba ta da aiki a bar ta ta suɗe. Baya idan ya zame, gwani yana iya gyarawa. Gaba idan ya zame, sai dai a tashi a kaɗe riga, in an yi sa'a.

MAI TIF KO TUBLES

Idan ka ga TT a gefen taya, mai tif ce. Idan TL ne, tubles ce. Abin da ke yanke hukunci a nan shi ne rim. Rim mai wayoyi iska tana fita ta ramukan wayoyin, saboda haka sai da tif, ko da tayar tubles ce. Rim na zubi wanda aka yi domin tubles shi ke riƙe iska da kansa. Tayar TT kuwa ba a sa ta babu tif ko a wane irin rim.

Kowanne da amfaninsa. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce, ga ta aduwa, ga ta bagaruwa, ga farar ƙaya, ga tsidau a kan hanya. Tubles idan ƙaya ta shige ta, ƙayar kan toshe ramin da ta yi, iska ta riƙa fita a hankali har mutum ya kai gari, kuma ana cusa mata faci ba tare da an kwance wili ba. Tif kuwa da an huda shi sai ya sace nan take. Amma rim na zubi idan ya daki dutse ya lanƙwashe ko ya tsage, iska ba ta ƙara zama, kuma ba kowane ƙauye ake samun mai injin iska da zai tayar da tubles ba. Rim mai wayoyi yana jure duka, ana kuma miƙe shi, tif kuma ko'ina akwai mai facinsa. Domin haka mai shiga daji can ciki, rim mai wayoyi ya fi masa kwanciyar hankali. Mai tubles kuwa ya riƙa tafiya da tif ɗaya a ajiye saboda ranar da rim ya sami rauni.

Tif ma yana da lamba, kamar 2.75/3.00-17, a sayi daidai da tayar. Babba yana naɗewa a ciki ya tsage a wurin naɗin, ƙarami kuma yana miƙewa ya yi siriri. Sabuwar taya a haɗa ta da sabon tif. A duba kuma robar nan da ke kewaye da cikin rim tana rufe kawunan wayoyi, domin sau da yawa facin da ake ɗora wa ƙaya laifinsa, kan waya ne ya yi shi.

SHEKARUN TAYA

Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu cikin ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1524, an yi ta a mako na 15 na shekarar 2024. Tun shekarar 2000 ake wannan tsari na lamba huɗu. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar idan taya ta shekara biyar tana aiki a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, idan kuma ta kai goma daga ranar da aka yi ta a cire ta ko da haƙoranta suna nan. Wannan a ko'ina ke nan, balle a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Legas a 2008, kasuwanninmu sun dogara ga tayoyin da ake shigowa da su, na babur yawanci daga Indiya da Sin da Tailan da maƙwabtansu. Cikinsu akwai nagari, akwai na banza, akwai kuma jabu masu ɗauke da sunan nagari. Kaya ne da kan daɗe a jirgi da sito da rumfar mai shago. Saboda haka a sa a buɗe ledar a ga kwanan wata. A danna roba da farce, idan ta yi tauri kamar busasshen ƙirgi a bar ta. A lanƙwasa gefen a duba ko akwai ƙananan tsagu. A shafa cikinta ko zare ya taso. Rubutun da ya fito a dagule, ko taya marar lambar nauyi da kwanan wata, alama ce ta a nemi wani shago.

Tayar gwanjo kuwa, da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa don ta yi kama da sabuwa, araha ba ta ado. Wanda ya sake yanka zane naman tayar ya rage, abin da ya saura tsakanin tif da ƙaya bai taka kara ya karya ba. Ita kuma wadda ke kan babur, a nemi alamar TWI ko ɗan kusurwa uku a kafaɗarta. Daidai wurin, cikin kwarin zanen, akwai ɗan tudu da bai kai milimita 1 ba. Ranar da haƙora suka yi daidai da shi, tayar ta gama aikinta.

ISKA, DA BAMBANCIN GEJI A IYAKA

Taya mai kyau da iskar da ba daidai ba, asarar kuɗi ce. Ga babura irin Boxer abin da aka saba shi ne 25 a gaba, 28 a baya idan mutum ɗaya ne, 32 idan da goyo ko kaya. Kowa dai ya duba littafin baburinsa ko takardar da aka manna a jikinsa.

A nan akwai abin da ya shafe mu mu masu ƙetare iyaka. Waɗancan lambobi na ma'aunin psi ne, wanda aka saba da shi a Nijeriya. A Nijar da Kamaru da Chadi kuwa sau da yawa gejin bar za ka tarar, wanda wasu masu faci ke kira kilo. Bar ɗaya psi 14 da rabi ne. Ke nan 25 ya zama wajen 1.7, 28 kusan 2, 32 kuma wajen 2.2. A riƙe lissafin biyu a ka. Dannawa da babban yatsa ko ƙwanƙwasawa da sifana ba awo ba ne, ɗan ƙaramin geji na aljihu bai kai la'adar akuya ba.

Ana auna iska da safe tun taya tana da sanyi. Idan an yi tafiya ta yi zafi geji zai nuna ƙari, kada a rage, domin idan ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. A cikin yashi mai zurfi rage iska kaɗan yana taimakawa, amma da an fito ƙasa mai tauri a mayar da ita, shi ya sa famfon hannu ba ya rabuwa da falke. Idan ka ga bawul ya karkace maimakon ya tsaya a miƙe, taya ce ke zamewa a kan rim saboda ƙarancin iska, tana jan tif, kuma saura kaɗan ta tsinke bawul ɗin daga gindi, wurin da faci ba ya kamawa.

Abu biyu na ƙarshe. Masu ɗaure jarkar fetur a kariya su lura kada ya riƙa ɗiga a kan taya, domin fetur da baƙin mai suna lalata roba. Sabuwar taya kuma tana da santsi, a bi ta a hankali kilomita 100 zuwa 150 na farko kafin a saki jiki da ita a kwana.

'Yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Daren kasuwa a zagaya babur da fitila, a cire ƙayar da ta maƙale, a auna iska, a tabbata da tif da famfo da ƙarafan cire taya a cikin jaka. Iyayen gida kuma da ke ba yara babur suna aikensu daji, tayar da ke ƙarƙashin yaron nan amana ce a wuyanku, kada a jira sai ya kawo ƙara. Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Wanda ke da wata dabara da ya gwada a yankinsa ya aiko wa ofishin ƙungiya domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a cikin nema, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya, amin.